Abin da Takardata Ba Ta da Gidansa

Dusar ƙanƙara ta lulluɓe Nebraska tun daren jiya.
Kakar wasa ta ƙare, an naɗe tutoci, fili ya yi tsit.
Ni da Harlan muna teburin kusurwa a shagon Dolores,
gahawa ta huce sau biyu, gardama ta ƙi hucewa.

Ya shimfiɗa jarida, ya danne ta da kwalbar gishiri.
"Duba nan, Wendell, ka rage taurin kai.
Orrin Vasek, wasa goma sha biyu,
yadi dubu uku da ɗari huɗu,
sau talatin da ɗaya jifarsa ta kai gida,
sau shida kacal abokan gaba suka cafke.
Naka kuwa, Lamont Prewitt na kwalejin tsallaken kogi,
dubu biyu da ɗari bakwai da 'yan kai,
kyauta goma sha ɗaya ya ba waɗanda ba su roƙa ba.
Ina abin musu? Alƙalami ya bushe."

Na ce, ai alƙalamin nawa ne.
Shekara ashirin da tara ina ɗakin gilashi a saman fili,
fensir ɗaya a kunne, ɗaya a hannu,
ina zuba lambobin nan gida-gida.
Na san abin da suke haɗiyewa,
na san abin da suke tofarwa.

Iska ba ta da gida a takardata.
Asabar ɗin farkon Nuwamba ta taso daga arewa,
ta kwashi hular alƙalin wasa har gindin katanga,
Prewitt ya yi jifa arba'in a cikinta.
Vasek ran nan yana kudu, ƙarƙashin rufi,
ko ashana ka ƙyasta ba za ta mutu ba.

Hannun da ya saki ma ba shi da gida.
Da ido na ƙirga, ban rubuta ba:
sau goma sha tara ƙwallo ta dira a ƙirjin yaro
ta sulluɓe kamar sabulu,
ni kuwa na ɗiga baƙin ɗigo gaban sunan mai jifa.
Wani ya yi ɓari, wani ya biya.

Harlan ya ja tsaki.
"Uzuri bai taɓa cin kofi ba.
Sittin da takwas cikin ɗari
ba ya zama hamsin da tara, ko da tabaran wa ka duba."
Gaskiyarsa. Ban ce Vasek rago ne ba.
Yaron yana sakin ƙwallo kamar da zare ya auna.

Sai ga Dolores da butar gahawa.
Ta tsaya, ta leƙa shafin ta kafaɗarsa.
"Ina Emmett a nan?"

Ɗanta ne, mai lamba saba'in da huɗu.
Shekara uku yana tsaye gaban Vasek,
ƙarti na dukansa don kada su kai ga mai jifa.
Shekaranjiya aka ɗinke masa gwiwa a Omaha.
"Kowace jifa da kuke ƙirgawa
daƙiƙa uku ce da ɗana ya saya da jikinsa.
Wane layi ne nasa?"

Harlan ya bi shafin da yatsa, sama, ƙasa,
ya juya baya, tallan taya ne.
Ni ban duba ba.
Ni na ja layukan, na san iyakarsu.

Ta cika mana kofuna ta wuce.
Motar share ƙanƙara ta bi titi tana gurnani,
tagar ta ɗan yi rawa.
Na zaro fensir daga kunne,
na rubuta Emmett a gefen jarida, inda fari ya rage,
na tsaya, don ban san lambar da zan sa a gabansa ba.

Can Harlan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Duk da haka, Vasek."
Na ce, "Prewitt."
Takardar kuɗi ta zo, dala bakwai da rabi,
lissafi ɗaya ke nan da muka yarda da shi yau.
Shi ma sai da muka yi musun wanda zai biya.