Haƙori Ɗaya

Karo na uku ke nan a wata guda
Hamajoda na turo kekensa rumfata
a gindin dogon yaro, hanyar gadar Binuwai.
Tayar baya ce dai. Duk jikinta sabo fil,
ko gashin roba bai gama kakkaɓewa ba,
sai wuri ɗaya, faɗin yatsa biyu,
da ya suɗe har zare ya leƙo.

Keken nan ba shi da birki, ba ya barin ƙafa ta huta.
In taya ta juya, dole feda ta juya.
In zai tsaya sai ya tashi daga sirdi,
ya rankwafa gaba, ya ƙame ƙafar dama,
taya ta ja ƙasa, ƙiiii,
yaran Yelwa su ɗauki ihu.

Ya ce 'yan kasuwar Garwa sun cuce shi,
robar jabu suka sayar masa.
Na ce miƙo alli, durƙusa ka ƙirga haƙora.
Babban faifai, arba'in da takwas.
Ƙaramin na baya, sha shida.
Feda ta zaga sau ɗaya, taya sau uku cif,
awon da ba ragi, ba gyara.
Ƙafarka tana tsayawa inda ta saba,
taya kuma ta sake miƙa wa kwalta
kuncin da aka mara jiya.
Ko ka koya wa hagu wannan ƙamewar,
tabo biyu za ka samu, iyakarta ke nan.

Sha bakwai kuwa ba ya raba arba'in da takwas.
Kullum sai ya bar saura,
sauran nan shi ke gusar da ciwo gaba,
yau nan, anjima can,
wuri goma sha bakwai su yi karo-karon wahala.
Hawan tudu ma cinyarka za ta gode maka.

Ya zuba min ido kamar na yi duba.
Ni kuma ina lissafi na daban a zuci:
kowace taya ina cin sefa ɗari biyar a kanta,
ga faifai mai sha bakwai kwance cikin gwangwanin madara,
shekara biyu yana tsatsa, ba mai tambaya.
Na ɗan jima ina goge hannu da tsumma.
Sannan na zazzage gwangwanin.

Ya hau, ya ja ƙiiii a gaban mai shayi,
ko waiwaye bai yi ba.

Da magariba ina naɗe buhun da nake durƙuso a kai
na ga wandona.
Gwiwar hagu, faci kan faci,
Dudu ta ɗinke ta sau huɗu tana mita.
Ta dama kuwa kamar yau aka karɓo daga tela.
Shekara talatin, gida, rumfa, masallaci.
Gobe da ta dama zan durƙusa,
in na tuna.