Maɓalli Bakwai

Shekara huɗu Mutari ya yi a shagona,
bayan Babbar Kasuwa, layin masu yadi.
In ya dubi kafaɗar mutum sau ɗaya
ba ya neman awo.
Almakashi a hannunsa, sai ka ce kifi a Gulbi cikin damina.

Ban san ranar da abin ya soma ba,
ciwon nan ba ya sallama.
Na dai tuna wata Laraba, saura kwana tara Salla,
ya ɗinke aljihun rigar Alhaji Ilu ruf,
ɗinki biyu, ɗaya bisa ɗaya.
Na ce, "Wannan fa?"
Ya ce, "Don kada su sa wani abu ciki."
Na yi dariya.
Allah Ya yafe mini dariyar nan.

Sai makara. Sai zuwa bayan azahar
da rigar jiya, wadda ita ce ta shekaranjiya.
Zare a dama, allura a hagu,
tafiyar da ke tsakaninsu ta fi Maradi zuwa Damagaram.
Na aike shi sayo zare da jikka guda,
ya tsaya bakin titi, 'yan kabu-kabu na ta kauce masa,
har aka kira la'asar.
Ya komo da jikkar a dunƙule, ta sha gumi.
Wai launukan sun yi yawa, kuma kowanne da bakinsa.

Rediyon shago muka kashe dominsa,
ya ce mai labarai ya san sunan uwarsa.
A fadarsu ta Bagalam, inda shi ne mai dafa shayi,
benci ya yi ta gajarcewa
har babu wurin mutum ɗaya.
Yarinyar da yake zuwa zance wurinta a Zariya
ta aiko a karɓo mata yadinta,
ko ba a ɗinka ba.

Wasu suka ce ƙwaya. Yaron da ko goro ba ya ci!
Wasu suka ce iska, wasu suka ce hannu aka sa masa.
Uwarsa ta sayar da tumaki biyu,
aka sha rubutu, aka shaƙi hayaƙi, aka je har Tibiri.
Ni kuwa na ce lalaci ne,
na rage masa kuɗin mako.
Cikin zaton da aka yi duka, nawa ya fi muni.

Ƙanensa Rabe, ɗan makaranta, ya ja shi asibiti.
Likita ya faɗi wani dogon suna da Faransanci,
ya ce ciwo ne, yana da magani, kada a tsaya da sha.
Muryoyin suka ja baya, in ji Mutari,
kamar kiɗan biki a wata unguwa.
Amma sun bar shi da nauyin jiki,
da barci, da hannu mai rawa.
Uwarsa ta ce sa takalmi kaɗai
yakan cinye masa safiya.

Bayan wata bakwai ya dawo.
Ya tsaya kan kekensa yana kallo
kamar tsohon maƙwabcin da sunansa ya ɓace masa.
Ban ce ya hau ba.
Na turo masa 'yar kujera da gwangwanin maɓallai.

Jiya ya sa bakwai, daga hantsi zuwa la'asar.
Na biyar ya karkace.
Na ɗauki reza zan kwance, sai na ajiye.
Alhaji Ilu ya zo karɓa, ya bi su da yatsa,
ya tsaya kan na biyar,
ya dube ni, ya ce,
"Mutari, sannu da aiki."
Yaron ya daɗe, ya daɗe,
kamar mai jawo guga daga rijiya gaba ashirin.
"Yawwa," ya ce.

Ban sani ba ko zai zo yau.
Hantsi ya ɗaga, na share gefensa,
na zura masa zaren a allura.