Abin da Ƙafa ta Kama

Sefa dubu ashirin da biyu na ƙirga wa Hamajoda,
mai gyaran rediyo a bayan kasuwar Garwa,
ya miƙo min ita a cikin ledar burodi:
'yar na'ura, ba ta kai tafin hannu biyu ba,
fentinta ya koɗe daidai inda wani ya sha takawa.
Ya ce, "Kunnuwa uku ne, murɗa su ake yi.
Wannan kuma na ƙafa ne. Kar ka tausaya masa."

Na kai ta ɗakina a Yelwa bayan isha'i,
na jona jita, na jona lasifika,
na taɓa tsirkiya ɗaya tak.
Ta ce tan,
sai tan, tan, tan,
kowace na bin 'yar'uwarta tana ramewa,
kamar sa'ad da muke yara a gindin Tingilin
muna ƙwala wa dutse zagi yana rama mana.
Na murɗa kunnen farko, amsar ta yi nisa,
sai ka haɗiyi yawu kafin ta iso.
Na murɗa na biyu, ta ƙi mutuwa,
ta taru, ta tafasa, ta cika ɗakin
har Inna Dudu ta buga bango da muciya.

Shekara shida Gambo na riƙe min gindin kiɗa,
ni ina shawagi a sama kamar shirwa.
Bara ya sami aikin mota, Ngaundare zuwa Duwala,
ya bar min kujerarsa da tsirkiya biyu na ajiya.
Tun daga nan kiɗana ke tafiya da ƙafa ɗaya.

To, na taka. Fitila ta yi ja.
Na zuba irin zubin Gambo, a tsanake,
na sake takawa. Ta koma kore.
Na ɗauke hannu, kiɗa bai tsaya ba.
Na zauna ina kallon yatsuna a kan gwiwa,
ba sa yin komai, ga shi ana ji na.

Amma ƙafa ta makara da ƙiftawar ido.
A ƙarshen kowane zagaye akwai ɗan tuntuɓe,
ɗan gurbi kamar giɓin haƙori,
ya wuce, ya dawo, ya wuce, ya dawo.
Gambo in ya ji na kauce, sai ya kauce tare da ni,
mu haɗu a gaba ba wanda ya sani.
Ita wannan ba ta san kara ba.
Abin da ka ba ta shi za ta karanta maka,
har asuba in ka bar ta.

Na goge. Na sake. Na goge.
Zufar bazara na ɗiga a kan katako.
A karo na tara na gaji da neman daidai,
na bar tuntuɓen a inda yake,
na ƙwanƙwasa cikin jita da farce a cikin gurbin,
sai ɗingishi ya koma rangwaɗa.
Na ɗora na uku, na hau kansa da na huɗu.
Mu huɗu ne a ɗakin, duk sunanmu ɗaya,
na farkon ya girme ni da minti goma
kuma ba ya jin gyara.

Ina laluben lambar Gambo
don in kara masa waya a bakin lasifika,
aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Mutum ukun nan suka fice ba sallama.
Can bayan katanga gyare na ta maimaita nasa,
ba batir, ba igiyar lantarki.
Jita na nan a cinyata, da ɗuminta.
Na kaɗa zagayen a cikin duhu, har da tuntuɓen,
kar in manta inda yake
kafin a dawo da wuta.