Zanen Goshi

A Alabar, bayan masu ɗinkin buhu,
shagona taku huɗu ne da rabi:
tebur ɗaya, fanka mai tari,
gilashin ƙara girma da ya tsage a gefe.

Zuwera ta shigo da yaro ɗauke da kwali,
ƙwayoyin batir goma sha shida,
shuɗɗa, kowanne da nauyin bulo.
Ta ce, Sofo ya rantse sababbi ne fil,
makon jiya aka sauke su a Tema.
Firjin burkinata nake so ya daina suma
duk sanda aka ɗauke wuta.
Duba mini kafin in cika masa kuɗinsa.

Na ce a ajiye.
Batir bai iya rantsuwa ba,
amma an yi masa zane a goshi.

Ga shi nan, tsakanin kunnuwansa biyu,
ɗan murabba'in da bai kai farce ba,
ɗige-ɗige kamar riɗi ya zube a faranti.
A ƙasansa layin baƙaƙe da lambobi,
babu wasali ko na magani.
Na haska waya, ta yi tsuwa.
Sauran aikin na ido ne
da littafina da giris ya cinye wa bango.

Na farkon layi, gidan da aka haife shi.
Na biye, jinsinsa.
Can wajen tsakiya uku a jere:
shekara, wata, rana.
Haka nake bi, a hankali,
kamar mai bin sawun akuya bayan ruwa ya ɗauke.

Goma sha ɗaya ciki ɗaya suka fito, rana ɗaya.
Uku sun girme su da damina huɗu.
Biyun ƙarshe na karkata su wajen hasken ƙofa:
an bi goshinsu da sanfefa,
an sake buga sabon zane, ya ɗan jirkice,
kuma lamba ɗaya ce a kansu duka biyun.
Ko tagwaye, Zuwera, kowa da sunansa ake yanka masa rago.

Ta riƙe haɓa. Ta fita.

Kakana ya shigo garin nan neman goro
da tsage a kumatu, hagu da dama.
A kasuwa baƙo kan dube shi
ya gaishe shi da sunan garinsu
kafin ya buɗe baki.
Babana guda ɗaya aka yi masa, gajere.
Ni fuskata sumul.
Ran da na je yin kati, akawu ya ce, ina ne garinku?
Na ce Aboabo.
Ya ajiye biro, ya ce, a'a, na asali.
Na tsaya ina kallon silin.

Shi ya sa ban jefa biyun nan a kwandon shara ba.
Na ɗaura duka sha shidan a na'ura,
a cika, a juye, a cika, a juye,
kwana uku fanka tana tari a kansu.

Ɗaya daga gogaggun ya zube kamar tulu mai huda.
Ɗayan ya riƙe wuta har na gaji da jira.
Cikin sha ɗayan nan kuwa, 'yan gida ɗaya,
masu zane garau,
akwai wanda ya kumbura ciki tun a daren farko.

Na ɗauko farin fenti da tsinke.
A gefen kowanne na rubuta abin da na auna,
da ranar yau, da harafin farko na sunana.

Zuwera ta dawo da la'asar, na miƙa mata takarda.
Ta karanta sau biyu, ta ninke, ta cusa a ɗankwali,
ta ce Sofo zai ji a jikinsa.
Ta bar mini gorar burkina a kan tebur.
Da ɗumi take.
Na shanye.