Sandar Herminia

A Valparaiso, can saman tudu,
inda gidaje ke riƙe da juna kar su zame cikin teku,
Amaro ya shige kabad da makirufo,
ya toshe ƙofa da bargo uku da kwalin ƙwai.

Sai biyun dare yake ɗauka,
in karnukan unguwa sun gaji.
Duk da haka jirgin ruwa ya yi kuka a waƙa ta huɗu,
firji na gurnani ƙarƙashin jita.

Tsohuwar ɗakin ƙasa
ta sha dukan silin da sandar shara:
dum, dum-dum. A bar mutane su runtsa!

Wata tara yana tace sauti,
kunne ya dushe, shayi ya huce.
Ya goge jirgi, ya kashe firji,
ya rage nishinsa tsakanin baiti da baiti.

A ta bakwai ya tsaya cak.
Sandar ta faɗa daidai kan kiɗa,
makaɗi ma sai haka.

Ɗakin ƙasa kuwa tun Yuli yake kulle,
'ya'yanta sun kwashe kaya.

Ya ƙara wa sandar ƙarfi kaɗan.
A bayan faifan, layin ƙarshe, ya rubuta:
Ganga, Herminia Soto.