Lamba Tara

Ni ke buga jadawalin zaman majalisa.
Kafin ladanin Agege ya gyara murya
na rataye a ƙofar danfo,
kwandasta na ihu: Ikeja, Ikeja, ba canji!
In sauka Alausa da gumin wasu a rigata.

Madam Adunni ta miƙo takarda, biro a bayan kunne.
Na farko ta'aziyya, wani babba ya rasa suruki.
Sai taya 'yan ƙwallo murna,
sai titin da za a sauya wa suna
ba tare da an cike raminsa ba.
Can ƙasa, inda tawada ke fara gajiya,
lamba tara: tsadar abinci da kuɗin mota.

Yatsuna sun haddace ta.
Ko an ɗauke wuta zan buga ta daidai.

Ranar da ta fara shiga takarda
Tasalla na kan gwiwa a asibiti.
Aka buga guduma, lokaci ya ƙure,
an ɗage sai Talata.
Na isa na tarar da 'ya mace,
ungozoma ta ce, ga Talatu ta iso.
Ita dai ta cika alkawari.

Talatar farko babu isassun kujeru masu mutane.
Ta biyu an tafi buɗe gada.
Daga nan hutu, daga hutu kwamiti,
kwamiti kuwa rijiya ce, guga ya shiga da igiyarsa.

A Mil Sha Biyu, Baffa Ɗanlami mai albasa
kan kama hannuna: kai da ke ciki,
yaushe za su yi maganarmu?
In ce masa tana kan layi.
Ya ce, albasa ma kan layi take ruɓewa.
Ya ƙara mini biyu gyara, ban san don me ba.

Yau Talatu ta yi haƙori huɗu.
Tana dafa bango, tana neman tuwo da hannu biyu,
mudun da ya ciyar da mu uku
yanzu kunya yake ji a tukunya.

Ɗazu ba kowa a ofis.
Na ɗauko tara na ɗora ta a kan ɗaya,
na zauna ina kallonta kamar baƙuwa a falo.
Sai ga takun Madam a matakala.

Na mayar da ita mazauninta.
Gobe Talata.