Gwangwani Biyu

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda direbobi ke kashe inji da la'asar,
nan na kafa tukubata shekara goma sha tara.
Agashe nake yi. Tambayi kowa:
yajin Barmo sai da ruwa a kusa.

Aljihuna guda ne, na gefen jallabiya.
Kuɗin nama, kuɗin cefane,
na gawayi, na gudummawar biki,
duk ɗaki ɗaya suke kwana
kamar matafiya a tasha,
da asuba ban san wa ya bi wa ba.

Da dare in taɓa shi, in ji nauyi,
in ce alhamdu lillahi, an samu.
Da safe in je wa Awad mahauci,
kilon jiya ya yi ƙiba,
fam ɗin hannuna ya rame.
In ce, rubuta, Awad.
Shi yana rubutawa. Ni ba na rubutawa.

Mahasin, autata, ita ta zo
da ragowar littafin makaranta,
shafi goma sha ɗaya farare.
Ta ja layi da gefen tsinke.
Ta ce, Baba, nawa ka sayi ƙuli?
Na ce, kamar kaza.
Ta ce, "kamar" ba ta da gurbi a takarda.

Mako guda tana bina da alƙalami:
lemun tsami, albasa, takardar naɗi,
shayin da Sittana ke kawo wa baƙina,
gyaran da nake ɗora wa duk wanda ya sa ni dariya.
Ranar Juma'a ta haɗa.
Ta daɗe ba ta ɗago kai ba.
Ashe cikin tsinke goma, ɗaya ne nawa,
shi ma kyautar da shi nake yi.
Ashe manomin nan da muke yi wa ba'a,
wanda ya soya irinsa da bazara,
ni ne, da wuƙa a hannu.

Yanzu gwangwani biyu ne ƙarƙashin tebur.
Ɗaya na tukuba, ko gaisawa ba ma yi.
Ɗaya na gida, albashina,
eh, Barmo ke biyan Barmo.
Farashin jiya kuma na bar wa jiya,
na gobe nake tambaya kafin in yanka.

Hamad direba ya yi fushi
ranar da na ce sunansa ya cika shafi.
Wata biyu yana bi ta bayan masallaci.
Tare muka yi iyo a ƙuruciya, ni da shi.
Littafi bai san wannan ba,
ni na kwana da shi a ƙirji.

Ban yi kuɗi ba, kada a kai labari.
Rumfa dai ta sami kwano a madadin buhu.
Awad ya yage shafina a gabana,
ya ce, to wa zan riƙa yi wa tsiya?

Gyara kam ban daina ba.
Mahasin ta ware masa layi,
ta rubuta a sama: Halin Baba.
Tsinke biyar a dare, in sun ƙare sun ƙare.
Sai fa in tsohuwar nan mai gyaɗa ta gifta,
in dubi hagu, in dubi dama,
in naɗe mata ɗaya da sauri.
Da safe in buɗe littafi,
in tarar an riga an rubuta:
shida.